Shekarar da Ƙishirwa ta Bar Habu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ruwa, ya kuma halicci son ruwa a maƙogwaron bawa. Na farkon kowa na gode masa. Na biyun kuwa ni dai ban san kyauta ba ce sai da na yi jinyar Habu. Shi ya sa na ce bari in ba da labarin, ko wani zai ga alamar a gidansa ya fi mu sauri.

Sunana Iro, direban babbar mota ne ni. Albasa da tumatir nake ɗauka daga nan wajen Watari in kai Kudu. Kafin nan na yi Agadas, na yi Njamena, har Kumasi na taɓa kwana a kan buhun goro. Ba alfahari nake ba, so nake ku san na san ƙishirwa. Mota ta taɓa mutuwar mana a hamada har muka tace ruwan lagireto da rawani muka sha. A ranar na ɗauka na ga ƙarshen abin da ƙishirwa za ta yi wa ɗan Adam. Ashe zuwanta da sauƙi. Tafiyarta ce abin tsoro.

Habu taubashina ne, ɗan Gwaggo ƙanwar babana. Wanda ya san taubasai ya san ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ni Randa nake ce masa, don in ya dawo daga gona ya kafa kai a ƙwarya sai ka rantse tanki ake cikawa. Shi kuma bawa yake ce min, wai kakanmu ya bar masa ni a gado. Manomin rani ne, gonarsa na bakin hanyar ruwan dam. Mutum ne mai son abu. Yana son tuwo da man shanu, yana son rake, yana son gardama, yana son a ce albasarsa ta fi ta kowa ko da ƙarya ce.

Ƙarshen damina ya ɗauko taki a babur daga kasuwar Tsanyawa, akuya ta gifta, ya faɗi kansa ya bugi bakin kwalbati. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, mai kemis ya ɗinke goshin. Ya yi ciwon kai na kwanaki, ya wuce. Muka ce Allah ya kiyaye. Ni har waƙa na yi masa, ta jarumin da akuya ta kayar, ya bi ni da takalmi. Wannan ne karo na ƙarshe da na ga ya bi wani abu da gudu.

Na yi tafiya na dawo, wajen sati uku ke nan da faɗuwar, sai matarsa Hajara ta yi min magana ta bayan ƙyauren zaure.

"Malam Iro, ka lura da ɗan'uwanka kuwa?"

"Me ya yi? Ya cinye miki kaji?"

"Da ma ya ci. Tulun ɗakinsa yadda na cika shi haka nake zubarwa in sake. Amma zagayawa bayi kuwa, ba ta ƙirguwa."

"Kin tambaye shi?"

"Ya ce ba ya jin sha. To ni zan ɗura wa Malam ruwa ne kamar jinjiri?"

Na yi dariya na ce ai Randa ya sha na shekara goma gaba, ajiya yake ci. Ita ba ta yi dariya ba.

Ku na birni wataƙila kun manta da ciyayya. A garinmu har gobe magidanta ba sa cin abinci a cikin gida. In an yi magariba kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera a ƙofar zauren Habu, a ci na wannan a ci na wancan. Kwano ya koma wa matar gida wayam, ta ce alhamdu lillahi maigida ya ci. Wa zai tsaya ƙirga lomar wani? Ai rashin tarbiyya ne ka kalli hannun mutum yana cin abinci. To Habu yana zama, yana wanke hannu, ya yi loma biyu ya janye. Ƙwaryar ruwa ta zagayo, ya miƙa wa na gaba. Mu kuwa muna ta labarin farashin taki.

Daga nan sai ya fara azumin Litinin da Alhamis, ya ce ai ba wuya. Zafin kaka ya sauko, masu yankan gero na zubewa a gindin bishiya, shi yana tsaye a rana leɓe duk a tsage, bai ce uffan ba. Ya daina gardama. Ranar da layin ruwa nasa ne wani maƙwabcin gona ya karkatar zuwa tasa. Habun da na sani, da sai an kira mai unguwa an raba. Wannan ya ce a bar shi, ruwa na Allah ne.

Sai magana ta fara yawo a gari, wai Habu ya saki duniya. Mutum ba ya ci, ba ya sha, ba ya fushi, me ya rage? Wata tsohuwa har jikanta ta kawo ya tofa masa addu'a. Na ce mata, "Iya, wannan fa da hannunsa ya saci raken babana." Ta ce ai manyan bayin Allah da yawa haka suka fara. Wasu suka ce a'a, iska ce ta shafe shi a wurin faɗuwar, a yi hayaƙi. Wani ƙanen babansa ya ce ciwon shawara ne, a nemo saiwa. Gwaggo kuwa tana tsakanin alfahari da tsoro, ta rasa wanda za ta riƙe, sai ta riƙe rubutu. Kullum safe da yamma ta aika a wanke allo, ta kawo masa a kwanon sha, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Uwa ce, ba ya iya ce mata a'a.

Ni abin da ya fara tsinka min zuciya daban ne. Na zo na same shi a zaure na ce, "Randa, an ce ka zama waliyyi, a ina ka sayi takardar?" Ya ɗago ya dube ni. Ya gane ni sarai. Amma kallon kamar na mutumin da ke tsaye a tasha ba motar da yake jira. Ya ce, "To." Shi ke nan. Shekara arba'in da wani abu ina tsokanar mutumin nan, bai taɓa barin bashin zagi ya kwana ba.

Lokacin dashen albasa aka tsince shi. Yana ban ruwa, ya buɗe wa kwami ɗaya, ya toshe, ya buɗe wa na gaba, sai ya zauna, sai ya kwanta. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce ƙafarsa na cikin ruwa, ruwan na gudu ta kan yatsunsa, harshensa kuwa a bushe kamar ɓawon rake. Albasar duk ta sha. Wannan hoton har yau in ina tuƙi shi kaɗai yakan zo ya zauna kusa da ni.

Asibitin kusa da mu suka ce maleriya ce da taifot, abin da suke ce wa kowa. Suka sa masa ƙarin ruwa. Leda ta biyu ba ta ƙare ba ya buɗe ido ya ce, "Wa ya bar bawan nan ya zauna a kan kujera?" Wallahi hawaye ne ya zubo min. Muka ce maganin ya karɓe shi, aka sallame mu. Ba a yi sati ba ya koma gidan jiya. Muka koma, aka ƙara ruwa, ya farka, aka sallame mu, ya sake dusashewa. A zuwa na uku ne wani ma'aikacin jinya mai furfura ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mu nan iyakarmu ke nan. Ku wuce birni, kada ku tsaya kwana."

Birni kuwa sai wanda ya je. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwajin jini daban, kowanne sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Hoton kai aka ce a yi, injin asibitin ya lalace, sai a waje, kuɗinsa kuma sai da injin ban ruwan Habu ya tafi. Hajara ta yi sati biyu tana kwana a kan tabarma a baranda, sauro ya mai da ita gona. Wani mai gadi kullum sai ya kore ni wai lokacin dubiya ya wuce, har na gane da goro ake buɗe ƙofarsa. Ina faɗin wannan ne don ya kamata a faɗa. Amma a wannan asibitin dai wata mata da ba mu sani ba, mai jinyar ɗanta, ta riƙa raba kununta da Hajara har muka tafi. Ban ma san sunanta ba. Allah ya san shi.

Likitar da ta gano abin yarinya ce, ba ta fi 'yata ta fari ba. Ta ji Hausarmu ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, daga wajen Zakirai. Ta ja fatar bayan hannun Habu ta saki, fatar ta tsaya cak ba ta koma ba. Ta tambayi Hajara abin da yake sha. Hajara ta sunkuyar da kai ta ce rubutun Gwaggo ne kawai. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Allah ya saka wa Gwaggo. Ba don shi ba da ba ku kawo yau ba. A ci gaba, a dai ƙara masa ruwa."

Sannan ta juyo gare ni.

"Baba, jiki kullum a cikin gyaran kansa yake, ba ya hutawa. Zafi ya yi yawa, ya fitar da gumi. Ruwa ya ragu, gishirin jini ya hau. To akwai wani ɗan wuri a tsakiyar kai, bai kai ƙwayar gurjiya ba, aikinsa ɗanɗana jini. In ya ji gishiri ya yi yawa abu biyu yake yi. Ya ce wa ƙoda ta riƙe ruwa, ya ce wa mutum tashi ka sha. Wannan tashi ka sha ɗin shi ne ƙishirwa. Faɗuwar da ya yi ta taɓa wurin. Ƙoda na ta zubarwa, shi kuma ba mai gaya masa."

Na ce, "Wato agogon zafin mota ne ya mutu. Inji na cin wuta, direba na jin rediyo."

Ta ce, "Kusan haka ne. Sai dai a nan direban ma da ruwan yake aiki. In ya ƙafe, babu wanda zai kalli agogon."

Wannan maganar ta zauna min. Na tambaye ta ko ƙishirwar za ta dawo. Ta ce wasu takan dawo musu, wasu ba ta dawowa, kada in sa rai kada in cire. Ta ce daga yau mu ne ƙishirwarsa.

Wata la'asar, ruwa ya ratsa shi hankalinsa ya dawo, muna zaune a barandar asibiti na ce, "Randa, tsakaninka da Allah ba ka jin komai?"

"Ina jin ka mana. Muryarka ai ko kurma ya ji."

"Ƙishirwa nake nufi."

Ya dubi tafin hannunsa. Sai ya ce, "Ka san da, in na farka da asuba akwai masu kirana. Ciki na cewa koko. Albasa na cewa ruwa. Zuciya na cewa wane zai fi ka bana. Ban san su ne ke tashe ni ba, na zaci ni nake tashi. Yanzu in na buɗe ido ba wanda ya kira. Na san sunana, na san Hajara, na san lokacin salla. Amma kamar gidan da aka yi ƙaura ne. Komai na nan, ba hayaƙi."

"Abin na damunka?"

"Da ma yana damuna. Ai damuwa ma son wani abu ce."

Na yi yawo a duniya, na ji maganganu a bakin mahaukata da malamai, ban taɓa jin wadda ta sa min sanyi a ƙashi kamar wannan ba. Na miƙa masa moda na ce sha, ya sha, kamar mai biyan haraji.

Muka dawo gida da doka. Aka ba mu ƙwayar rage fitsari, wadda ba a samu sai a birni, wani lokacin a birnin ma a ce ta yanke. Ruwa kuma aka ɗaura shi a kan salla: duk sallar da ya idar, moda biyu, ko yana so ko ba ya so, da ƙari in ya shiga rana. Likita ta ce a riƙa auna nauyinsa kowace safiya, in ya ragu ruwa ne ya ragu. A garinmu sikeli ɗaya ne, na dillalin albasa. Nan nake kai shi, ya hau, in ce, "Alhaji, nawa za ka sayi wannan buhun? Rabi ruɓaɓɓe ne." Jama'a su yi dariya, Habu ya ce, "Ka fara sayar da bawan, ya fi ni ci." Ni kuwa sikelina ke nan na gaskiya. In ya rama zagin, akwai ruwa a jikinsa. In ya ce to, sai in ruga neman moda.

Watannin sanyi muka ji daɗinsu. Maƙwabta suka yi gayya suka riƙe masa gonar, har wanda ya taɓa karkatar masa da ruwa, shi ya ba da aron injinsa. Masu cewa waliyyi suka yi shiru, wasunsu kamar an ƙwace musu wani abu. Habu ya yi ƙiba kaɗan. Ba Habun da ba ne, amma akwai mutum a gidan. Har ya tsinke reshen zogale ya kafa a gefen ƙofar zaure, ya ce Hajara ta huta da aike neman ganye. Ba wanda ya zaci zai kama, ƙasar wurin kamar dutse take.

Sai azumi ya zo, a tsakiyar bazara.

Liman da kansa ya tako har gida. Ya ce, "Malam Habu, Allah bai ɗora maka ba. Ka sha, ka ciyar."

Habu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni kaɗai ne fa a garin nan azumi ba ya wahalarwa."

Liman ya ce, "Shi ya sa."

Ya yarda, bai yi musu ba. Amma yarda daban, ɗaga moda daban. Da rana a azumi magidanta a ƙofar zaurensa suke wuni, a inuwar darbejiya, kowa ya yi laushi yana jiran la'asar a tafi tafsiri. A ce magidanci mai gemu ya kafa kai yana shan ruwa a gabansu, rana tsaka? Ko mara lafiya da ke ihun ƙishirwa sai ya shige ɗaki ya ɓuya. To shi wanda ke jin ƙishirwa, ita ke ture kunyar ta ce matsa, rai ake nema. Habu ba shi da mai ture masa. Faɗuwar ta tafi da ƙishirwa, ta bar kunya ba ko ƙwarzane.

A nan taubasantaka ta yi rana. Abin da Hajara ba za ta iya ba, abin da liman ba zai iya ba, ni ina iyawa. Sai in fito da moda a gaban kowa in ce, "A matsa, ga nonon ɗan yaye." Ya ce, "Kai dai an yi asarar kuɗin sayenka." In ce, "Sha, ko in kira Gwaggo ta goya ka." Ya karɓa ya shanye don kada a ce bawa ya ci shi da magana. Goman farko haka muka yi ta lafiya.

Sai albasa ta isa ɗauka, har da ta gonarsa, wadda da ita za a sayi ƙwayar watanni masu zuwa. Albasa ba ta jira a wannan zafin. Na yi lodi zan tafi Fatakwal. Na bar wa Hajara amana, na bar wa mutanen zaure amana, kowa ya ce in tafi ba komai. Sikelin dillali ma ya koma gonaki wajen awo.

Ga yadda aka yi, daga baya na haɗa labarin. Hajara ba ta fita gaban maza. Sai ta ajiye moda a bakin ƙofar ciki ta ce, "Malam, ga shi." Ya taso ya ɗauka ya fita da ita. Mutanen zaure kuwa, da sun ga moda a hannunsa sai kowa ya kau da kai, wani ya rufe fuska da hula. Don girmamawa suka yi, kada ya ji nauyi, su ma kuma ba sa son kallon ruwa da azumi a bakinsu. Jim kaɗan moda ta koma wa Hajara wayam.

Kullum ina kira daga hanya. "Ya sha?" Ta ce, "Ya sha, moda ba ta dawowa da ko ɗigo." In ce a ba shi wayar. Kwanakin farko ya ce in kula kada in sayar masa da albasa in sayi mata. Daga baya zagin ya fara gajarta. Ranar da na sauke kaya, na kira da hantsi, ya karɓa ya ce, "Sannu Malam Iro. Ya hanya? Allah ya dawo da kai lafiya."

Malam Iro. Tun da uwata ta haife ni bai taɓa kirana haka ba. Ina tsaye a tsakiyar kasuwa, gumi na zuba, na ce a ba Hajara wayar. Na ce wa Hajara a sa shi a mota yanzu. Ta faɗa wa mutanen zaure, suka leƙa suka ce barci yake yi, ai kowa ma haka yake wuni a wannan zafin, a bari a sha ruwa a gani. Ban jira lodin dawowa ba, na juyo da mota ba komai a bayanta.

Washegari da rana na iso. Garin duk ya ƙone, ciyawa ta zama toka, ko darbejiya ta sunkuya. Ina sauka idona ya faɗa kan zogalen gefen ƙofa. Ya yi tsawo ya kai ƙirjina, ganye kore shar kamar tsakiyar damina, ƙasar gindinsa a jiƙe. Ban tambayi kowa komai ba. Na shiga na ɗauko shi a kafaɗa, ba shi da nauyin buhun ƙaiƙayi.

Muka kai shi birni, likitar nan tana nan. Ta duba, ta sa ruwa, ta yi gwaji, ta kira ni waje. Ta ce wannan karon ƙoda ta gaji, za su yi iya yinsu. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta yi wa Hajara ba. Na gode mata da wannan.

Kwana biyu bai san inda yake ba. A na uku, bayan la'asar, ya buɗe ido. Ya dubi ledar ruwa, ya dubi Hajara, ya dube ni.

Na ce, "Randa, zogale ka mayar ɗan'uwanka ko? Ni na yi ta fama, shi ya sha."

Ya ɗan motsa baki. Ya ce, "Na ga yana so."

"Kai fa?"

"Na duba. Ban ga kowa ba."

Hajara ta juya fuska bango. Shi kuwa ya tsura min ido, irin kallon da yake yi wa kwamin albasa da safe, ya ce, "Bawa, leɓenka ya tsage. Matafiyi ne kai, ka sha mana."

Na ce, "Kai za ka koya min? Sha naka tukuna."

Ya yi murmushi. Na yi murna, na ce a raina zagi ya dawo, ruwa ya ratsa. Kafin a kira magariba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, Hajara na riƙe da hannunsa. Aka kira salla, wani ya miƙo min ruwa a leda. Ina jin ƙishirwa kamar maƙogwarona zai tsage, kuma na ji kunyar jin ta. Na sha.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Hajara ta cika moda, mutanen zaure sun yi abin da aka koya mana tun muna yara, shi ma bai nufi kansa da sharri ba. Ya ga mai so, ya ba shi. Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. In naka ya bugu a kai, ko ya tashi ya kakkaɓe riga, ku kai shi a duba. In mai ci da sha da faɗa ya wayi gari ba ya son komai, kada ku yi saurin cewa ya saki duniya, wataƙila jikinsa ne ya daina kiransa. In an ce ku ba mara lafiya ruwa, kada ku dubi moda. Ku dubi maƙogwaro, ku ga ya motsa, ko da za a ce ba ku da kunya.

Bayan arba'in Hajara ta ce a sare zogalen, ba ta iya wucewa ta gabansa. Gwaggo ta ce ba mai taɓa shi, ruwan ɗanta ne a jikinsa. Yana nan, ya wuce katanga. Ba wanda ke tsinkar ganyensa. In na dawo daga tafiya nakan zuba masa buta ɗaya in ce, "Sha, ɓarawo." Allah ya jiƙan Habu, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa, ya kuma mayar masa da son sha kafin a miƙo masa.

Ni kuma har yau ina kan hanya. Wani lokaci tsakanin Lakwaja da Abuja rana ta daki gilashi, in ji harshena ya fara ɗaci, maƙogwaro na kira. Da tsaki nake yi. Yanzu sai in rage gudu, in bar ta ta ɗan yi kiran, in saurara. Sannan in ce mata sannu da zuwa, ashe da mutum a gidan, in miƙa hannu in ɗauko jarka.